Amsa ga malamar da aka ɗora wa kwas ɗin ka'idar lissafin na'ura

Tambaya: An ba ni kwas ɗin ka'idar lissafin na'ura in koyar da 'yan aji uku na sashen kimiyyar kwamfuta, na tsawon mako goma sha huɗu. Ban taɓa koyar da shi ba. Ɗaliban sun iya rubuta furogiram, amma lissafinsu yana da rauni, kuma tun ba mu fara ba wasu ke tambayata amfanin kwas ɗin ga wanda zai je aikin rubuta manhaja. Ta ina zan fara, me zan rage, me kuma zan ce musu?

Amsa: Malama, barka da ƙoƙari. Na shafe shekaru ina koyar da wannan kwas, kuma abin da zan fara jan hankalinki a kai shi ne lokaci. Yawancin masu koyar da shi karon farko suna bin littafi ne babi bayan babi. Sai su ci mako takwas ko tara a kan ƙananan na'urori da dokokin nahawu, suna ta juya wannan siga zuwa waccan, har wankin hula ya kai su dare. Matsalar tsayawa, wato tambayar ko ana iya gane cewa furogiram zai tsaya ko zai yi ta gudu har abada, wadda ita ce ƙashin bayan fannin, sai ta faɗo a makon ƙarshe, a yi mata shan ruwan tsuntsaye a lacca ɗaya, a lokacin da hankalin ɗalibai ya riga ya koma kan jarrabawa. Ɗalibin da ya fito daga irin wannan aji, idan ya ce bai ga amfanin kwas ɗin ba, yana da gaskiya. An sa shi ya sassaƙa tsani, amma ba a hau da shi ko'ina ba.

Duk sauran kwasa-kwasan sashenku suna koya wa ɗalibi yadda zai sa kwamfuta ta yi masa aiki. Wannan ne kaɗai yake koya masa yadda zai kafa hujja cewa wani aiki ba zai taɓa yiwuwa ba, komai saurin na'ura, komai basirar mai rubuta kod. Wannan zaren za ki riƙe tun daga ranar farko. Tambaya ɗaya ce ake maimaita ta a kowane mataki: ga na'ura mai iya tuna kaza, me za ta iya, me zai gagare ta? Duk abin da bai taimaka wa wannan tambaya ba, kina da damar ajiye shi. Ni dai yadda nake raba makonnin shi ne ɗaya ga gyaran lissafi, huɗu ga ƙananan na'urori, biyu ga nahawu, huɗu ga na'urar Turing da abin da ya gagare ta, ukun ƙarshe kuma ga matsalar P da NP.

Ranar farko kada ki buɗe da ma'anar harafi da jere da harshe. Rubuta musu ɗan furogiram mai layi biyar a allo. A ɗauki lamba. In cika ce a raba ta biyu, in mara ce a ninka ta sau uku a ƙara ɗaya. A yi ta maimaitawa har a kai 1. Ku gwada da 6 tare: 3, 10, 5, 16, 8, 4, 2, 1, taku takwas an gama. Sai ki ba su 27. Za su yi ta bi suna gunaguni, don sai ta haura har 9,232 kafin ta gangaro, taku 111 cif. Daga nan ki tambaye su: wannan furogiram zai tsaya a kan kowace lamba? Tun 1937 ake jingina tambayar ga Lothar Collatz, kuma har yau ba wanda ya kafa hujjar e ko a'a. A kusan kowane aji akan samu wanda zai ɗaga hannu ya ce, "To a bar shi ya yi ta gudu mana, ai za a gani." Wannan ɗalibi ya yi miki aiki, ki gode masa, sannan ki tambaye shi: in ya shekara yana gudu bai tsaya ba, me ka sani? Shin ba zai tsaya ba ne, ko gobe zai tsaya? Shirun da zai biyo baya ya fi duk wata gabatarwa da za ki shirya.

Tarihin ma ki ba shi minti goma, don yana ba ɗalibai mamaki. A 1928 David Hilbert da Wilhelm Ackermann suka ajiye tambaya: shin akwai tsararrun matakai da za a bi, ba tunani ba dabara, a gane ko wata magana ta ilimin mantiƙi tana da hujja ko ba ta da ita? Kafin a ce "babu irin waɗannan matakai", dole a fara fayyace mene ne matakai. Alonzo Church a Princeton da Alan Turing a Kambirij, kowa ta hanyarsa, suka amsa a 1936 cewa babu. Turing bai cika shekara 24 ba lokacin da ya miƙa takardarsa, kuma a lokacin ba a ƙera kwamfutar lantarki irin wadda muka sani ba. Mai lissafin da yake siffantawa mutum ne zaune da fensir da takarda yana bin umarni. Wato an gano iyakar kwamfuta tun kafin a haife ta.

Makon gyaran lissafi kada ki tsallake shi. Raunin da kika ambata ba a haɗawa da ninkawa yake ba, a kalmomi biyu yake: "kowane" da "akwai". Nakan rubuta jimla biyu a allo. Ta farko: kowane kwaɗo yana da mabuɗin da ke buɗe shi. Ta biyu: akwai mabuɗi guda da ke buɗe kowane kwaɗo. Da baki kowa ya san sun bambanta, amma da zarar an mayar da su alamomin lissafi sai ɗalibai su riƙa musanya su ba su sani ba. Ki sa su yi ta kore jimloli irin waɗannan har ya zama jiki. Ki haɗa musu da hujjar tufka da warwara, wadda ake ɗaukar abu a matsayin gaskiya don a nuna yana rushe kansa, da kuma ka'idar tattabaru: tattabara goma, gurbi tara, dole biyu su haɗu a gurbi ɗaya. Waɗannan ukun za su ɗauke ki har ƙarshen zango. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kan na'ura mai ƙidayayyun matsayai, wadda ake kira otomata, ki bar su su yi gini da hannunsu kafin ki kawo musu ma'ana ta alamomi. Misalin da na fi so shi ne na'urar da za ta karanta lamba a tsarin sifili da ɗaya, harafi bayan harafi daga hagu, ta faɗi ko uku na raba ta. Da farko za su ce ai sai an ajiye lambar duka, kuma lambar tana iya kai kowane tsawo. Ki bar su su yi ta fama na minti goma. Sai ki tambaya: cikin duk abin da aka karanta, mene ne kaɗai ya zama dole a tuna? Saura. In an raba da uku, sauran ko 0 ne, ko 1, ko 2. Da'ira uku ke nan a allo. Duk lokacin da sabon harafi ya shigo, a ninka sauran sau biyu, a ƙara harafin, a sake ɗaukar saura. Ku bi 1001 tare, wato tara: daga 0 a je 1, a je 2, a dawo 1, a ƙare a 0. Uku na raba ta. Ranar da ɗalibi ya gane cewa kowace da'ira taƙaitaccen tarihin abin da aka karanta ne, ya gane otomata. Ragowar sai ado. Kuma duk zanen da suka kawo miki, ki nemi su rubuta jimla guda a gefen kowace da'ira mai faɗin abin da na'urar ta sani idan tana wurin. Wanda ya kasa rubuta jimlar, kintace ya yi.

Na'ura mai zaɓin hanyoyi da yawa, wadda Michael Rabin da Dana Scott suka gabatar a 1959, takan rikita ɗalibai don sun saba kwamfuta hanya ɗaya take bi. Ki ce musu su aza yatsu a kan duk da'irorin da na'urar za ta iya kasancewa a ciki a lokaci guda. Rukunin da'irorin da yatsu ke kai shi ne matsayi ɗaya na sabuwar na'ura marar zaɓi, kuma hujjar cewa ƙarfin na'urorin biyu ɗaya ne ke nan baki ɗayanta. Ki nuna musu tsadar abin da misali guda: gane jeren da harafinsa na goma daga ƙarshe 1 ne. Mai zaɓi matsayi 11 ya ishe ta, marar zaɓi sai da 1,024. A nan ne za ki fara biyan masu tambayar amfani. Rejeks ɗin da suke amfani da shi wajen neman kalma a rubutu daga aikin Stephen Kleene na shekarun 1950 ya fito, kuma a 1968 Ken Thompson ya nuna yadda za a bi duk hanyoyin lokaci guda ba tare da komawa baya ba. Manhajoji da yawa ba sa bin tsarinsa, suna gwada hanya su dawo su gwada wata, abin da kan iya cinye lokaci mai yawan gaske. A ranar 2 ga Yulin 2019 wani rejeks guda mai irin wannan hali ya cinye ƙarfin na'urorin kamfanin Cloudflare, shafuka masu yawa a intanet suka daina buɗuwa na kusan rabin awa.

Yanzu ga wurin da nake so ki zauna sosai, domin shi ne karon farko a rayuwar ɗalibi da zai tabbatar da cewa abu ba ya yiwuwa. Ɗauki jeren da ke da wasu sifilai, sai ɗaya-ɗaya masu yawa daidai da su a bayansu: 01, 0011, 000111, har abin da ya yi sama. Ki ba su aikin gina masa otomata, ki bar su su kwana a kai. Za su dawo da zane-zane, kowanne yana aiki har zuwa wani tsawo sai ya karye. To a lokacin ne suke da ƙishirwar hujja. Littattafai da yawa a nan suke kawo ƙaramar ka'idar nan da nake kira ka'idar famfo, wadda ke cewa duk dogon jere yana da wani yanki da za a iya maimaita shi. Gaskiya ce, amma "kowane" da "akwai" biyar ne a jere a cikinta, kuma na sha gyara takardun da ɗalibi ya zaɓi tsawon da kansa, ko ya yanka jeren inda ya ga dama, ko ma ya yi amfani da ita don nuna cewa na'ura tana iyawa, abin da ka'idar ba ta taɓa faɗa ba. Hadda suke yi, ba sa ganin abin da ke ƙarƙashi.

Hanyar da na koma bi tana da tushe a aikin John Myhill da Anil Nerode na 1957 da 1958, kuma ba ta buƙatar komai sai tattabaru. A ce na'urar tana da matsayi ɗari. Ba ta jere ɗari da ɗaya: 0, 00, 000, haka har ƙarshe. Dole biyu su sauka a da'ira ɗaya, a ce mai sifili bakwai da mai sifili goma sha biyu. Daga wannan lokaci na'urar ba ta iya bambance su, ta manta. Sai a ƙara wa kowanne ɗaya-ɗaya guda bakwai. Na farko ya kamata a karɓa, na biyu ya kamata a ƙi, amma na'urar daga wuri ɗaya ta tashi, abu ɗaya ta karanta, wuri ɗaya za ta sauka. Tufka da warwara. Sanya kowace lamba a madadin ɗari, hujjar ba ta canzawa. Ɗalibi yana ganin dalilin da idonsa: abin da ake bukatar tunawa ya fi ƙarfin ma'ajiyar. Idan manhajar karatun sashenku ta wajabta ka'idar famfo, koyar da ita bayan wannan, kuma a matsayin wasa tsakanin mutum biyu: abokin hamayya ya zaɓi tsawo, ke ki zaɓi jere, shi ya yanka, ke ki zaɓi yawan maimaitawa. Ki fito da ɗalibai biyu gaban allo su buga.

Nahawu kuwa, a nan za ki yi ragi. Ki faɗa musu Noam Chomsky, masanin harshe, shi ya tsara matakan nahawun a 1956, kuma John Backus da Peter Naur sun yi amfani da irin wannan tsari wajen fayyace harshen ALGOL 60. Ki nuna musu bishiyar jimla, da yadda 2 + 3 × 4 ke iya ba da 14 ko 20 idan nahawun yana da harshen damo, da yadda ake gyara shi. Ki nuna cewa ƙara wa na'ura tari guda, irin na faranti, wanda sai ta sama ake ɗora masa ko a ɗauka, ya isa ta warware matsalar sifilai da ɗaya-ɗaya. Dogayen matakan juya nahawu daga siga zuwa siga, da cikakkiyar hujjar daidaiton nahawu da na'ura mai tari, ki ba su a takarda su karanta. Suna cin lacca uku, kuma ba sa ƙara wa zaren komai. Abu ɗaya dai ki dasa musu a nan: akwai matakan da za su gaya miki ko otomata biyu aiki ɗaya suke yi, amma babu irinsu ga nahawu biyu. Ki ce za su ga dalilin irin wannan nan gaba kaɗan.

Na'urar Turing zirin takarda ne marar ƙarshe mai gida-gida, da kai mai karantawa da rubutawa yana matsawa hagu ko dama, da ƙidayayyun matsayai. Su rubuta guda biyu da hannu, misali mai ƙara ɗaya a kan lamba da mai kwafe jere, don su ji a jikinsu cewa abin yana aiki. Bayan haka ki ba su izinin rubuta hujja da harshen furogiram da suka saba da shi. Ki fito fili ki ce musu ikirarin Church da Turing, cewa duk abin da ake iya lissafawa ta tsararrun matakai na'urar Turing tana iyawa, ba a kafa masa hujjar lissafi ba, kuma ba irin maganar da ake kafa wa hujja ba ce, don gefe guda na maganar fahimtar ɗan'adam ce. Abin da ke ƙarfafa shi shi ne duk wanda ya zo da tasa siga, Church da Kleene da Emil Post da masu harsunan furogiram na yau, sai a tarar ƙarfinsu ɗaya.

Matsalar tsayawa ki ba ta lacca biyu cikakku, kuma da kod. A ce wani ya kawo mana furogiram mai suna Alƙali. Ana ba shi kod ɗin kowane furogiram da abin da za a shigar masa, shi kuma kullum yana yanke hukunci, ba ya kuskure: "zai tsaya" ko "ba zai tsaya ba". Sai mu rubuta wani ɗan ƙarami mai suna Ɗan-gardama. Aikinsa, in an ba shi kod ɗin wani furogiram, sai ya tambayi Alƙali me wannan furogiram zai yi idan aka shigar masa da kod ɗin kansa. In Alƙali ya ce zai tsaya, Ɗan-gardama ya shiga zagaye marar ƙarshe. In ya ce ba zai tsaya ba, Ɗan-gardama ya tsaya nan take. Yanzu a ba Ɗan-gardama kod ɗin Ɗan-gardama. In Alƙali ya ce zai tsaya, ba zai tsaya ba. In ya ce ba zai tsaya ba, ya tsaya. Gaba kura baya sayaki. Ɗan-gardama layi huɗu ne, ba abin zargi a jikinsa, don haka Alƙalin ne babu shi.

Ki sa rai da ƙin yarda, kuma ki yi maraba da shi. Wata ɗaliba ta taɓa tsayar da ni ta ce, "Malam, wannan ai wasa da hankali ne. Ta yaya furogiram zai ci kansa?" Sai na tambaye ta da wane harshe aka rubuta manhajar da ke fassara kod ɗin harshen furogiram na C. Ta yi jim, ta ce da C. Na ce to idan aka fitar da sabon zubinta, wa ke fassara shi? Ta yi dariya ta zauna. Kod rubutu ne kamar kowane rubutu, ana iya shigar da shi ko'ina. Wasu kuma za su ce ai ƙirƙirarriyar basira za ta warware matsalar. Ki tuna musu cewa ita ma furogiram ce mai gudu a kan kwamfuta. In ta yi iƙirarin zama Alƙali, Ɗan-gardama yana jiran ta. A nan ki dawo da kwaɗo da mabuɗi: kowane furogiram ko ya tsaya ko bai tsaya ba, kuma da yawansu ana iya gane halinsu cikin sauƙi. Abin da babu shi ne mabuɗi guda mai buɗe duka. Idan da lokaci, ki nuna musu cewa dabarar ta Georg Cantor ce ta 1891: a jera furogiram a tebur, a bi layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, a saɓa wa kowanne a gidansa.

Inda gizo ke saƙar a jarrabawa shi ne mayar da matsala zuwa wata. Ɗalibai sukan juya alƙiblar. Don a nuna sabuwar matsala ba ta warwaruwa, sai a ɗauka an samu mai warware ta, a yi amfani da shi a gina Alƙali, wanda mun riga mun san babu shi. Su kuwa sai su ɗauki Alƙali su warware sabuwar matsalar da shi, su ga kamar sun gama, alhali ba su nuna komai ba. Maganin da na samu shi ne tilasta musu buɗe kowace hujja da jimla ɗaya: "A ce wani ya ba ni furogiram mai warware sabuwar matsalar, ga yadda zan gina Alƙali da shi." Misalin farko ya zama mai sauƙi. Shin ana iya gane ko furogiram zai taɓa buga kalmar "sannu"? A ce ana iyawa. Ɗauki kowane furogiram, toshe duk abin da yake bugawa, ƙara masa layi ɗaya a ƙarshe mai buga "sannu". Zai buga ta ne kawai idan ya kai ƙarshe, wato idan ya tsaya. Ga Alƙali ya samu, saboda haka mai gane "sannu" ma babu shi. Henry Rice ya nuna a 1953 cewa haka lamarin yake ga duk wata tambaya kan abin da furogiram ke aikatawa, muddin wasu furogiram suna da halin wasu ba su da shi.

Wannan ita ce amsarki ta gaskiya ga mai tambayar amfani. Babu manhajar da za ta gano duk kurakuran kod ba tare da kuskure ba, babu wadda za ta tantance duk muguwar manhaja ta hanyar halinta, babu wadda za ta tabbatar furogiram biyu aiki ɗaya suke yi a kowane hali. Injiniyan da ya san haka ba zai ɓata wata shida yana neman abin da babu ba, kuma ba za a sayar masa da shi ba. Amma ki yi hattara kada su fita da tunanin cewa kayan binciken kod aikin banza ne. Suna aiki ƙwarai, ta hanyar yarda da amsa ta uku, "ban sani ba", ko ta taƙaita irin furogiram ɗin da suke karɓa. Sanin wanne daga ciki kayan aikinsa ya zaɓa yana cikin abin da ke raba gwani da ɗan koyo.

Makonni ukun ƙarshe tambayar takan sauya daga "zai yiwu?" zuwa "zai ɗauki tsawon wane lokaci?" Fara da lamba. Matsala mai maɓalli ɗari, kowanne ko kunne ko kashe, tana da hanyoyi 2 sau kanta ɗari. Na'urar da ke gwada biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta shafe kusan shekara tiriliyan 40 kafin ta gama. P rukunin matsalolin da ake warwarewa cikin lokaci mai haɓaka a hankali ne, NP kuma waɗanda in an kawo miki amsa za ki iya tantance ta da sauri. Ki nanata cewa N ɗin ba "a'a" take nufi ba, wato NP ba kishiyar P ba ce, don kowace shekara sai an rubuta mini haka, kuma duk abin da ke cikin P yana cikin NP. Stephen Cook a 1971 da Leonid Levin a Tarayyar Sobiyat a 1973 suka nuna akwai matsalolin da in an warware ɗaya da sauri an warware duk NP, Richard Karp kuma ya jera 21 irinsu a 1972. Tun shekarar 2000 Cibiyar lissafi ta Clay ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya raba gardamar P da NP, har yau ba wanda ya karɓa. Hujjar Cook ki ba da ita a taƙaice. Mayarwa biyu ko uku da suka yi da hannunsu sun fi musu amfani, kuma za su ga alƙiblar ita ce wadda suka koya makonni biyu baya.

Game da aikin gida, ki sani manhajojin hira suna iya rubuta hujjar duk wata sananniyar tambaya, wani lokaci daidai, wani lokaci da kuskure mai kama da daidai. Don haka na rage makin aikin gida, na ƙara gajerun gwaji na minti goma sha biyar a aji. Tambayar da ta fi tona fahimta ita ce a ba ɗalibi hujja mai ɓoyayyen kuskure a ce ya nuna layin da ta karye. A jarrabawa kuma ki ba da maki ga wanda ya rubuta a fili, "na san alƙiblar kaza ce, amma na kasa gina wannan yanki." Hakan ya fi shafi biyu na alamomin da ba su haɗu ba, kuma yana koya musu faɗin gaskiya game da iyakar saninsu.

Laccar ƙarshe nakan ajiye ta ga wasan da Tibor Radó ya ƙirƙiro a 1962. A ɗauki duk na'urorin Turing masu matsayi kaza da harafi biyu, a sake su a kan zirin da ba komai, a tambaya: cikin waɗanda ke tsayawa, wacce ta fi daɗewa? Mai matsayi biyu taku 6 ce, mai uku 21, mai huɗu 107. Ki sa su kintaci ta biyar, a rubuta a allo. Amsar 47,176,870 ce. Heiner Marxen da Jürgen Buntrock suka gano na'urar a 1989, amma sai a 2024 wasu masu bincike da suka haɗu ta intanet suka kammala hujjar cewa babu wadda ta fi ta, bayan sun bi ta kan sauran na'urori masu matsayi biyar kaf, kuma aka tantance hujjar da kwamfuta. Teburin na'urar gida goma ne kacal. Ki ba su shi mako guda kafin laccar, kowa ya rubuta ɗan furogiram mai kwaikwayon na'urar Turing ya gudanar da ita. Wanda ya yi daidai zai ga ta tsaya ta bar ɗaya-ɗaya 4,098 a kan zirin. Su zo aji da wannan lamba, sai ki tambaye su me zai faru da matsalar tsayawa da a ce akwai furogiram mai lissafa irin wannan adadi ga kowane yawan matsayai, ki ba su alli su gina Alƙalin da kansu.